Sha-Kuruminka da Tirela Mai Bango

A layinsu babu mai kiransa da wani suna sai Sha-Kuruminka, in ana sauri a ce Kurum. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk abin da ka kawo masa, fanka ce ta tsaya, famfo ne ke ɗiga, ko haƙori ke ciwo, kafin ka rufe baki ya ce, "Sha kuruminka." Waɗanda suka sha kurumin nasu kuwa, yawancinsu har yau suna fifita da kwali.

Surukinsa kafinta ne, tsoho mai shagon kujeru da gadaje a bakin layi, kowa Baba yake ce masa. Abu biyu Baba ke ji da su a duniya. Na farko 'yarsa ta ƙarshe, Auta, wadda ya aurar wa Kurum a shekarar da idonsa ya fara rauni. Na biyu tsohuwar motarsa shuɗiya, wadda injinta ya daina magana tun kafin auren, amma kullum safiya sai ya goge ta da tsumma mai laushi. Har marikin da ake murɗawa a sauke gilashi ya cire daga duk ƙofofin, ya bar ɗaya a aljihunsa, don kada jikoki su mayar masa da mota abin wasa.

Sai abu biyu suka haɗu a mako guda. Direban da ke kai wa mutane kayan shago a a-kori-kurar Baba ya ajiye aiki, wani bakanike kuma a can ƙarshen gari ya aiko cewa a kawo shuɗiya, zai tashe ta.

Kurum ya daɗe yana mafarkin a-kori-kurar nan. Ya ga kansa a ciki, gwiwar hannu a taga, tabarau a fuska, yana danna wa mai aski hon. Ya je ya durƙusa gaban Baba.

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baba. An ce kana neman direba. Ga direba a gidanka yana cin abincin 'yarka, kana nema a waje?"

Baba ya dube shi ta saman gilashin idonsa. "Kai ne ka gyara mini rediyo?"

"Ni ne."

"Tun daga ranar sai an kwantar da ita take magana."

"Ai hutu take so, Baba."

Tsohon ya zaro makullin a-kori-kura ya miƙa masa. "Gobe ka nemo ƙaramar tirela ta maƙalawa a bayan a-kori-kura, ka ɗora motata, ka kai ta gareji. In ta isa babu ƙwarzane ko ɗaya, makullin nan ya zama naka. In na ga ko na farce ne, kada ka sake yi mini maganarsa."

"Baba, sha..."

"Kada ka faɗa. Don Allah kada ka faɗa."

Da safe Auta ta fito ta tarar da wankinta a ƙasa. Mijin ya kwance igiyar shanya, yana can yana awon shuɗiya. Ya ja igiya daga hanci zuwa wutsiya ya ƙulla. Ya ja daga gefe zuwa gefe ya ƙulla.

"Maigida, ba ga tef ɗin awo a shagon Baba ba?"

"Tef na masu koyo ne."

"To ka ɗauko mai shimfiɗa, wadda ba ta da bango. Ita ake ɗora mota. Ni na sha raka Baba..."

"Auta, ki ji da tukunya. Wannan maganar ƙarfe ce."

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta tsugunna tana tsince riguna. "Taka ce ma ta faɗa cikin kwata."

Wurin hayar tirela fili ne mai shinge a bayan kasuwa. Mai wurin, wani mai ƙaton ciki da tsinken sakace a baki, ya tambaye shi, "Wace irin mota za ka ja? Nauyinta fa?"

"Nauyinta nauyin mutunci."

"Na ji. Ga wannan, mai taya biyu. A ɗora mata ƙafafun gaba, na baya su bi ƙasa."

Kurum ya riƙe baki. "Motar surukina ta bi ni a tsaye kamar akuya tana cin ganye? Mutanen gari su ce me?"

"To ga mai shimfiɗa. Ita ce ta mota. Ga ƙarafan da taya ke takawa ta hau, ga igiyoyin ɗauri."

"Wannan ai faranti ne. Ba bango, ba ƙofa. Duk ɗan babur da ya zo wucewa sai ya goga mata gwiwa. Ka san me ake ce wa ƙwarzane?"

Sai idonsa ya faɗa kan wata a can kusurwa, ja wur, sabon fenti, da bangon ƙarfe hagu da dama da gaba, da murfi a baya. Ya nufe ta kamar wanda ya hango ɗan'uwansa a tasha.

"Wannan ta yashi da tsakuwa ce," in ji mai wurin.

"Wa ya tambaye ka tarihinta?" Ya miƙa igiya. Ƙullin tsawo ya zauna daram. Ƙullin faɗi ya shige, har da rarar yatsa biyu kowane gefe. "Ka gani? Kamar tela ne ya ɗinka mata."

Mai wurin ya cire tsinke daga baki. "Da ka auna motar, ƙofofinta a rufe suke ko..."

"Malam, tun kana goyo nake awo. Maƙala mini ita."

Mutumin ya mayar da tsinkensa, ya maƙala tirela a ƙugiyar bayan a-kori-kura, ya ɗaure sarƙa. "Ka dawo mini da ita da kanka," ya ce. "Ina son in ji labari."

Da Kurum ya iso layi, Baba ya riga ya tafi gareji. Ya sa babbar rigarsa, ya gayyaci tsofaffin abokansa, wai su tarbi shuɗiya tare. Ƙofar gida ta rage daga mai aski sai tela, waɗanda shagunansu ke kallon juna, sai kuma masu jiran aski da suka ce askin ya jira.

Dole a shigar da tirela da baya, bakinta ya fuskanci motar. Kurum ya sa ribas ya murɗa sitiyari dama, tirela ta tafi hagu. Ya murɗa hagu, ta tafi dama. Ya murɗa da ƙarfi, ta lanƙwaso ta zo ta tsaya kusa da tagarsa kamar mai son yi masa raɗa.

"Kurum, gaishe ka take yi, ka amsa mana!" in ji mai aski.

"Gwada ta nake. Sabuwar tirela sai an san halinta."

A gwaji na gaba ta san halin rumfar tela. Turken ya faɗi, rumfa ta rufto a kan mutum-mutumin da ke sanye da rigar wata mata.

"Wayyo kastomata!" in ji tela.

"Itace ce fa, ba ta ji ba. Sha kuruminka."

A ƙarshe sai da aka kwance tirela, ƙarti suka ja ta da hannu suka daidaita, aka sake maƙalawa. Kurum ya tsaya gefe yana ba da umarni, daga baya ya ce dama haka ya tsara.

Aka sauke murfin baya. Nan aka ga tirelar yashi ba ta zo da abin hawa ba, tunda ba a taɓa jin yashi ya hau da ƙafarsa ba. Kurum ya waiga, idonsa ya sauka kan dogayen bencina biyu na shagon aski.

"A'a," in ji mai aski.

"Ban ce komai ba."

"Idonka ya ce. Bencinan nan sun girme ka."

"Shi ya sa na yarda da su. Katakon da ne. In ko tsagewa suka yi, surukina kafinta ne, ni kuma daga gobe ni ne direbansa. Har ƙofa zan kawo maka sababbi masu soso."

Maganar soso ce ta ci mai aski. Aka fizge ƙafafun bencin, aka jingina su a bakin tirela. Kurum ya kaɗe wandonsa, ya shiga shuɗiya, ya ja ƙofa a hankali kamar mai rufe ɗakin jinjiri, ya kama sitiyari. Jama'a suka dafa baya.

"Ku tura da tafin hannu! Wanda ke da zobe ya cire!"

Suka tura. Bencinan suka yi ƙara irin ta tsohon da aka tasa daga barci. Ƙafafun gaba suka hau. Aka sake nishi, ƙafafun baya suka hau, a daidai lokacin kuma bencin biyu suka ce ƙaras, suka zube gida huɗu. Mota dai ta shige cif, bango ya rufe ta har ƙasan gilashi, kan Kurum kaɗai ake gani.

Ya ɗaga hannu biyu a ciki kamar wanda ya ci zaɓe. Har mai aski, da ke rungume da gawar bencinsa, sai da ya gyaɗa kai.

Sannan Kurum ya ja marikin ƙofa ya tura.

Ƙofa ta buɗe yatsa biyu, ta ce ƙwas a jikin bango.

Ya dubi ƙofa. Ya matsa ɗaya kujerar ya gwada ta can. Yatsa biyu. Ya tsallaka baya ya gwada duka. Awonsa bai yi ƙarya ba ko kaɗan, yatsa biyu ne ko'ina.

Tela ne ya fara, wata siririyar dariya ta hanci, daga nan kowa ya ɓarke.

"Sauke gilashi ka fito ta taga!" wani ya ce.

Kurum ya lalubi inda mariki yake, ya tarar da ɗan guntun ƙarfe tsirara. Marikin yana can ƙarshen gari, a aljihun babbar riga.

Ya kai baki wajen tsagar ƙofa. "Ku turo ta baya in fita."

"A kan me?" in ji mai aski, ya ɗaga rabin benci. "A kan wannan? Ko a kan soson da za ka kawo?"

"A fasa gilashi," in ji wani mai rabin aski.

"Wanda ya taɓa gilashin nan ban yafe ba!"

"To a kira Baba a waya."

"Wanda ya kira Baba ban yafe ba har jikokinsa!"

"Shi ke nan," in ji tela, "sai a zura maka tiyo ta tsagar nan a riƙa ba ka ruwa. In ka rame za ka fito."

Rana ta ɗaga. Cikin mota ya fara zama tanda. Kurum ya cire hula, ya ɓalle maɓallan riga. Ya ce a ransa, ƙarfe ai ƙarfe ne, in an matsa masa zai ba da hanya. Ya koma kujerar direba, ya sa kafaɗa ya banki ƙofa. Ya sake. A karo na uku aka ji wani ƙiiii mai tsawo, irin wanda ke sa haƙori tsami. Ya tsaya cak.

"Me ke nan?" in ji tela.

"Cikina ne."

"Cikinka fenti gare shi?"

Nan Auta ta fito tana goge hannu. Ta dubi rumfar tela, ta dubi bencin, ta dubi igiyar shanyarta a ƙasa. Ta taka tayar tirela ta leƙa.

"Sannu da aiki, maigida."

"Auta, komai yana tafiya bisa tsari."

"Na gani. Tsarin ne ke zuba a goshinka. A gareji akwai ƙarafan saukewa, sai an kai ka can. Wa zai tuƙa?"

Mai aski ya ce shi keke ya iya. Tela ya ce shi ma keken ne, na ɗinki.

"Miƙo makulli," in ji Auta.

"Ke? Tirela ce fa a baya! Ni kaina sai da..."

"Na gani ta taga. Wa kake zaton yake kai wa Baba katako kafin ka zo ka ɗauke ni ka ajiye gaban murhu? Miƙo, ko in koma in ƙarasa wankina."

Kurum ya dubi makullin nan da ya kwana da shi a ƙarƙashin matashi. Ya zura shi ta tsagar ƙofa, a hankali, kamar mai ciro ƙaya daga jikinsa.

"Aro na ba ki."

"Na gode, Allah ya ƙara arziki."

Ta sa aka cusa guntayen benci a gaba da bayan tayoyi, tela ya kawo buhun ƙyallaye aka toshe tsakanin motar da bango, aka rufe murfi. Ta ƙwanƙwasa gilashi. "Birkin hannun motar nan ya mutu tun ina makaranta. Ka taka na ƙafa, kada ka ɗaga har mu isa."

"Ke za ki koya mini birki?"

"A'a. Kai ne injiniya. Taka dai."

Ta shiga ta tayar, ta fitar da a-kori-kura da tirela daga layi a murɗa ɗaya. Mai aski da tela suka rufe shaguna suka ɗare bayan a-kori-kura, suka zauna suna fuskantar Kurum. Mai aski ya ce ko kuɗi aka ce ya biya ba zai bari wannan kallo ya wuce shi ba.

Haka aka ratsa gari. Kurum ya ga idanu sun yi yawa, sai ya kama sitiyari da hannu biyu ya haɗe rai, yana murɗawa duk inda Auta ta karya, don a ɗauka da shi ake tuƙin. A bakin kasuwa wani mai babur ya jera da shi yana ihu, "Direba, rage gudu, za ka buge na gabanka!" Wata mai sayar da lemo ta tambayi tela, "Me ya sata?" Tela ya ce, "Benci biyu da rumfa." Ƙafar Kurum ta dama ta fara rawa a kan birki, ya taimaka mata da ta hagu, ita ma ta kama rawa.

A shataletale ɗan sandan hanya ya ɗaga hannu. Ya zagayo, ya leƙa, ya daɗe yana kallon mutumin da ke tuƙa mota a cikin akwati.

"Hajiya, me kika ɗauko?"

"Mota ce, ranka ya daɗe."

"Na cikin fa?"

"Tare suka zo. An kasa raba su."

"Naki ne?"

Auta ta yi ajiyar zuciya. "Nawa ne."

"Allah ya ba ki haƙuri. Wuce."

A gareji Baba na zaune a inuwa da abokansa, an jera musu kujeru. Da ya hango jar tirela ya miƙe. Da ya ga wanda ke tuƙi ya cire gilashin idonsa ya goge ya mayar.

"Auta? Ina mijin naki?"

"Yana gadin motarka, Baba. Bai yarda ya rabu da ita ba ko na minti ɗaya."

Ta juya kan a-kori-kura, ta sa ribas, ta shigar da tirela tsakanin wasu motoci biyu har bakin rumfar bakanike, ba ta ko leƙo kai ba. Tsofaffin suka dubi juna.

Baba ya matso. Ta bayan gilashi suka haɗa ido da surukinsa, wanda ya jiƙe sharkaf, ba hula, riga a ɓalle. Kurum ya yi ƙoƙarin durƙusawa a zaune, goshinsa ya daki sitiyari.

"Barka da rana, Baba," muryarsa ta fito ta tsaga. "Ga ta nan, ko ƙuda bai taɓa ta ba."

Bakanike ya kawo ƙarafan saukewa, yana dariya har ya kasa daidaita su. Aka turo shuɗiya ta sauko. Ƙofa ta buɗe, Kurum ya fito, ƙafafun da suka sha birki suka ƙi ɗaukarsa, ya zube a gaban tsofaffi.

"Ka ga tarbiyya," in ji ɗaya daga cikinsu. "Yaran yanzu ba sa gaisuwa haka."

Baba ya juya wajen motarsa. Ya zaro tsummansa ya fara zagaye. Hanci lafiya. Gefen can lafiya. Baya lafiya, ko shatin zobe babu. Kurum ya fara samun ƙarfin ƙafa, har ya miƙe yana gyara riga. Sai tsohon ya iso ƙofar direba ya tsaya. A gefenta shuɗin fenti ya kankare, tsawon tafin hannu, jan fentin tirela ya zauna a wurin.

"Wannan fa?"

"Hanya ce, Baba. Tuƙin mata, ka san..."

"Hanya ba ta taɓa ta ba," in ji tela. "Ƙyallayena na nan shaida. Cikinsa ne ya yi. Mu duka mun ji."

"Daga ciki aka banko ta," in ji bakanike, yana shafa wurin. "Da kafaɗa. Kafaɗa mai ƙwazo."

Baba ya ninke tsummansa ya sa a aljihu. Auta ta miƙo masa makulli. Ya dubi makullin, ya dubi tirelar da ke tsaye cif tsakanin motoci biyu, ya tura mata hannunta.

"Riƙe. Gobe akwai gado da kujeru da za a kai."

"Baba!" in ji Kurum. "Ni fa? Ni na zaɓo tirelar, ni na yi awo! Ka ga dai ta shiga!"

"Ta shiga," in ji Baba. "Wannan ban musa ba."

"To a ba ni wani abu mana. Gaban mutane ne."

Tsohon ya yi tunani. "Gado ba ya sauke kansa. Za ka riƙa bin ta. A baya. Na ga ka iya zaman baya, kuma kaya ba sa faɗuwa in kana ciki."

"Da bencina biyu," in ji mai aski. "Masu soso."

Kurum ya ɗauko hularsa daga cikin mota, ya kaɗe, ya kafa ta a karkace. Ya dubi tsofaffin ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji dai da kunnenku. An ba ni kula da kaya gaba ɗaya. Ita tuƙi kawai za ta yi."

Auta ta tayar da a-kori-kura ta leƙo. "Shugaban kaya, hau mu mayar da tirelar mutane. Mai ita na jiran labari."

Ya nufi ƙofar gaba. Ta danna makulli ta ciki, ta nuna masa baya da babban yatsa.

"Akwai iska a can, maigida," ta ce. "Sha kuruminka."